Taƙi ɗaya: idan alƙalai suka yi kunnen doki a kan ran mutum

   

A daren Alhamis 8 ga watan Disamba na 2016, a gidan kason Holman da ke jihar Alabama ta ƙasar Amurka, an gama shirin kashe wani fursuna mai suna Ronald Smith. Babu mai gardama a kan laifinsa. A 1994 ya shiga wani kanti a garin Huntsville da niyyar fashi, ya bugi mai tsaron kantin da bindiga, sannan ya harbe shi, alhali mutumin yana roƙon a bar shi da ransa, ga jariri ya baro a gida. Gardamar a kan hukuncin take. A tsarin ƙasar, mutum goma sha biyu ake zaɓowa cikin jama'ar gari su saurari shari'a tare da alƙali. Bakwai daga cikinsu sun ce a ɗaure shi rai da rai, biyar suka ce a kashe. Alƙali ya ture ra'ayin masu rinjaye ya yanke kisa. Zuwa ƙarshen 2016 Alabama ce kaɗai jihar da ta rage tana ba alƙali wannan iko, kuma a watan Janairu na shekarar Kotun Ƙolin ƙasar ta soke tsarin jihar Florida mai kama da shi. Da wannan hujja lauyoyin Smith suka roƙi Kotun Ƙoli ta dakatar da kisan har a duba maganar.

Kotun Ƙolin Amurka alƙalai tara gare ta, amma a daren nan takwas ne. Ɗaya daga cikinsu, Antonin Scalia, ya rasu a watan Fabrairu, majalisar dattawa kuma ta ƙi duba sunan wanda Shugaba Obama ya gabatar don ya gaje shi, kujerar ta zauna babu kowa har watan Afrilu na 2017. Huɗu suka ce a dakatar, huɗu suka ƙi. Dakatar da kisa sai da ƙuri'a biyar. Kafin tsakar dare an yi masa allurar, ya mutu.

Wata bakwai kafin wannan, a ranar 12 ga Mayu, alƙalan nan takwas sun rabu huɗu da huɗu a kan wani fursunan na wannan gidan kaso, Vernon Madison, wanda ya kashe ɗan sanda a garin Mobile a 1985. Shi ma mutanen da suka saurari shari'arsa ɗauri suka nema, alƙali ya yanke kisa. Ya tsufa a kaso, jini ya sha toshe masa a ƙwaƙwalwa, ganinsa ya tafi, har lauyoyinsa suka ce ba ya ma tuna abin da ya aikata. Kunnen doki iri ɗaya, jiha ɗaya, shekara ɗaya, amma Madison ya kwana da ransa. Dalili kuwa, kotun ɗaukaka ƙara da ke ƙasa ta riga ta dakatar da kisansa da safiyar ranar, hukumar jiha ce ta zo neman a ɗage dakatarwar, ita ce ke bukatar ƙuri'a biyar, ba ta samu ba.

Ƙa'idar da ta raba tsakanin mutanen nan biyu tsohuwa ce a kotunan Amurka. Idan alƙalan ɗaukaka ƙara suka rabu daidai, wanda ya zo neman a sauya wani abu shi ya faɗi, hukuncin kotun ƙasa ya tsaya yadda yake. Yawanci layi ɗaya ake rubutawa, ba a kawo dalili, kuma hukuncin ba ya zama madogara ga wata shari'a nan gaba. Haka ta faru a 1968 ga Archie Biggers, saurayin da aka ɗaure shekara 20 a jihar Tennessee kan laifin fyaɗe. Wata bakwai bayan abin ya faru ƴan sanda suka kawo shi shi kaɗai gaban matar, ta ce shi ne. Rabin alƙalan Kotun Ƙoli sun ga wannan hanya ta nuna mai laifi ba ta inganta ba, rabi sun ga ta wadatar, na tara bai zauna shari'ar ba. Ɗaurin ya tabbata. A 1972 kotun da kanta ta bayyana cewa irin wannan tabbatarwa ba ta nufin ta yanke komai a kan gundarin maganar. Ke nan kotu ta ce ba ta ce komai ba, mutum kuwa yana cikin kaso. Ba banza ba Hausawa ke cewa shari'a mace ce da ciki.

Bai kamata a yi gaggawar kiran wannan ƙa'ida zalunci ba, domin tana da hujja, kuma ɗalibin fiƙihu zai gane fuskarta. Wanda ya ɗaukaka ƙara ba ya zuwa a matsayin wanda ake tuhuma, ya zo ne a matsayin wanda aka riga aka saurara aka samu da laifi. An kawo shaidu, an ba shi damar kare kansa, alƙali ya yi hukunci. Yanzu shi ne mai da'awa, yana da'awar an yi kuskure, hujja kuwa a wuyan mai da'awa take. In ya kasa shawo kan mafi yawa, da'awarsa ba ta tabbata ba. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa ba a warware ijtihadi da ijtihadi irinsa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi hukunci a wata mas'alar gado: mace ta rasu ta bar miji da uwa da ƴan'uwa na uwa ɗaya da shaƙiƙai, ya ba ƴan'uwa na uwa sulusi, shaƙiƙai suka tashi babu komai. Da irin mas'alar ta sake zuwa masa sai ya haɗa su duka cikin sulusin, amma bai koma ya kwance rabon farko ba. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya taƙaita wuraren da ake rushe hukuncin alƙali: idan ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙa'idojin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne. Abin da ya fita daga waɗannan, hukuncin alƙali yana yanke saɓani. Da ana buɗe kowace shari'a duk ranar da aka samu malamin da ya ga wani abu daban, da babu gonar da za ta zauna hannun mai ita, babu auren da zai kwana lafiya.

To amma sauran ƙasashe sun duba wannan matsala ba su bi wannan hanya ba. A Ingila, in alƙalan ɗaukaka ƙara suka zamo cikin adadi mai rabuwa biyu kuma suka rabu daidai, doka ta ce a sake sauraron ƙarar gaban adadin da ba ya rabuwa, aƙalla uku. A Indiya, in alƙalai biyu na babbar kotu suka saɓa a ƙarar laifi, ana miƙa ta ga na uku. Waɗannan sun ƙi yarda kunnen doki ya zama amsa. Faransa, wadda tsarin kotunan Nijar ya samo siffarsa daga nata, ta tafi nesa da haka a kotun manyan laifuka. In an ɗaukaka ƙara, sabuwar shari'a ake yi gaban alƙalai uku da mutanen gari tara, goma sha biyu ke nan, kuma ba a samun mutum da laifi sai da ƙuri'a takwas. Shida da shida sallama ce, bakwai da biyar ma sallama ce, kuma takardar ƙuri'ar da aka jefa babu rubutu a kanta ana lissafa ta a gefen wanda ake tuhuma. Brazil kuwa ta yi doka a watan Afrilu na 2024 cewa a duk shari'ar laifi, in alƙalai suka yi kunnen doki, hukuncin da ya fi sauƙi ga wanda ake tuhuma shi za a ɗauka nan take, ko da rashin cikar kujeru ne ya jawo.

Duka waɗannan ƙasashe sun yarda cewa shakka ba ta kawar da abin da aka tabbatar. Inda suka rabu shi ne: mene ne abin da aka tabbatar? Amurka ta ce hukuncin kotun ƙasa. Brazil ta ce kuɓutar mutum tun asali, wadda ta riga kowace kotu. Wannan ita ce tambayar, kuma tambaya ce ta fiƙihu kafin ta zama ta lauyoyi.

A littattafan fiƙihu na da, alƙali shi kaɗai yake zama, yana shawara da malamai amma hukunci nasa ne, don haka ba a samun babin alƙalai huɗu da huɗu. Sai dai kunnen doki kansa yana nan a wasu babuka. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Damagaram da Tawa, an kawo mutum biyu masu jayayya kan abin da ke hannunsu duka. In kowa ya kawo shaidu, a yi hukunci da waɗanda suka fi adalci. In shaidun suka yi daidai, su rantse a raba musu. Wannan maganin dukiya ne, domin dukiya tana rabuwa, kuma in an yi kuskure ana iya mayarwa. Da littafin ya zo kan jini sai salon ya sauya. In mutum ya kashe wani da gangan, ƴaƴan mamaci suka rabu, ɗaya ya yafe sauran suka ce sai ƙisasi, to babu kisa, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Ba a ƙirga hannuwa a nan. Ko su tara ne masu neman jini, afuwar na goma ta isa, domin ba a kashe kashi tara cikin goma na mutum. In ruwa ya zube ya bar tulu ana komawa rijiya, kisa kuwa fasa tulun ne.

Sannan ga ƙa'idar da mazhabobi huɗu suka yi aiki da ita, cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma sun shigar da ƙisasi cikinta. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, a littafin Tirmizi, ma'anar cewa shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi masa ya yi kuskure wajen uƙuba. Malaman hadisi sun yi magana kan isnadinsa, amma ma'anar ta zo daga Umar da wasu sahabbai, kuma aikin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙarfafa ta: Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirari, aka yi ta kau da kai daga gare shi, aka tambayi mutanensa ko hankalinsa lafiya, aka yi ta buɗe masa ƙofar janyewa.

A nan mai hankali zai kawo suka, kuma sukar tana da nauyi. Zai ce: shubuhar da ake magana ita ce shakkar ko mutum ya aikata. Smith kuwa ya aikata. Alƙalan ba a kan laifinsa suka rabu ba, a kan wata mas'ala ta tsarin mulki suka rabu. Kuma ina haƙƙin matar da aka mayar gwauruwa, da yaron da ya tashi bai san ubansa ba, waɗanda suka jira shekara 22? Zai ma iya ƙarawa cewa a mazhabar Malik, kisan da aka yi don ƙwace dukiya ba ya cikin abin da magada ke yafewa, haƙƙin jama'a ne. Duk wannan gaskiya ne. Maganar nan ba ta neman wanke mai kisa, kuma wanda ya karanta ta ya fita da tausayin mai harbi fiye da na wanda aka harba, bai karanta daidai ba.

Amma malamai ba su taƙaita shubuha ga shakkar aukuwar aiki ba. Sun ƙirga saɓanin malamai kansa a cikin nau'o'inta. Auren da aka ɗaura babu waliyyi ɓatacce ne a wajen Malik da Shafi'i da Ahmad, a raba shi. Duk da haka ba sa tsayar da haddin zina a kan ma'auratan, saboda Abu Hanifa ya inganta shi. Alƙali Bamalike yana da yaƙinin Abu Hanifa bai dace ba a wannan mas'ala, amma kasancewar malami irinsa ya tafi a kan haka ya isa ya ɗauke bulala da dutse. Idan saɓanin malamin da ya rasu tun ƙarni na biyu na hijira, a wata mazhaba, yana tsayar da hannun alƙali, to yaya saɓanin abokan zama huɗu, a ɗaki ɗaya, kan takarda ɗaya, a daren da za a yi kisan? Tambayar da ke gabansu ita ce ko mutumin da ya yanke kisa yana da ikon yanke shi. Wannan ba ƙaramar mas'ala ba ce da za a ce ta lauyoyi ce kawai. Jinin da aka zubar bisa umarnin wanda ba a tabbatar da ikonsa ba, ko da jinin mai laifi ne, akwai tambaya a kansa.

Kuma faɗuwar kisa ba sallama ba ce. Malik ya ce wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa, a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda, ga diyya in an yi sulhu a kanta. Abin da lauyoyin Smith suka nema a daren nan jinkiri ne, abin da suke fata a ƙarshe kuwa ya mutu a kaso, kamar yadda mutum bakwai cikin sha biyu suka so. Da an jinkirta aka gano jihar ce da gaskiya, da an rasa watanni. Da aka ƙi jinkirtawa, ko da gaskiyar tana wajensa babu sauran wanda za a faɗa wa.

Akwai wani zama da aka taɓa yin kunnen doki a cikinsa a kan mai kisa, labarinsa yana cikin Bukhari da Muslim daga Abu Sa'idil Khudri, Allah Ya yarda da shi. Wani mutum cikin al'ummun da suka gabata ya kashe rai 99, sai ya nemi sanin ko yana da tuba. Aka nuna masa wani mai bauta, ya ce masa babu, ya cika ɗari da shi. Aka nuna masa malami, malamin ya ce babu abin da zai shiga tsakaninsa da tuba, amma ya bar garinsu ya tafi wani gari na mutanen kirki. Ya kama hanya, yana tsakiyarta mutuwa ta riske shi. Mala'ikun rahama da mala'ikun azaba suka yi jayayya a kansa. Abin lura, babu maƙaryaci a cikinsu. Na azaba sun ce bai taɓa aikata alheri ba, kuma haka ne. Na rahama sun ce ya taho yana mai tuba da zuciyarsa, kuma haka ne. Ba a ce tun da an kasa rinjaye a bar shi a kan hukuncin da ya baro gida da shi ba, alhali rai ɗari hujja ce da ta fi ta kowace kotun ƙasa ƙarfi. Sai aka aiko musu mai raba gardama, mala'ika cikin siffar mutum, ya ce a auna tsakanin garuruwan biyu. A wata ruwaya, da mutuwa ta zo masa ya yunƙura da ƙirjinsa wajen garin da ya nufa. A wata kuma, Allah Ya umarci wannan ƙasa ta matso, waccan ta nisanta. Aka same shi ya fi kusa da garin kirki da taƙi ɗaya.

Masana Allah sun daɗe suna tsayawa a kan wannan taƙi. Awo aka yi na gaskiya, ba a soke ma'auni ba, ba a ce kisan ɗari wasa ne ba. Amma inda ma'auni ya tsaya cak, Mai ma'aunin bai tsaya kallo ba. Haka kuma mutanen A'arafi da aka ambata a sura ta bakwai. An ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Mas'ud da Huzaifa cewa su ne waɗanda kyawawan ayyukansu da munana suka yi daidai, aka tsayar da su a kan katanga tsakanin Aljanna da wuta, suna ganin waɗannan suna ganin waɗancan. Tsayuwar ba ta dawwama. Ƙarshenta Aljanna ne, da falalar Wanda ya ba da labarin cewa rahamarsa ta riga fushinsa. A lahira ma ke nan, inda babu shaidar zur, babu lauya mai kaifin baki, babu kujerar da ta zauna babu kowa, daidaito yana karkata wajen rahama. Alƙalan duniya, da suke hukunci da zahiri kuma suka san ana iya ruɗinsu, su suka fi bukatar wannan karkata.

Muridi zai iya cewa shi ba alƙali ba ne, wannan magana ta masu baƙar riga ce. Amma zuciya kotu ce da ba ta hutu, kuma mafi yawan zukata da ƙa'idar Amurka suke aiki ba su sani ba. Labarin da ya fara shiga kunne shi ke zama hukuncin kotun ƙasa. An turo saƙon murya ta waya cewa wane ya ci kuɗin masallaci, ko wance an gan ta wuri kaza. Daga baya wani mutumin kirki ya zo ya ce ba haka aka yi ba. Mai faɗa amintacce, mai musu amintacce. Sai mai sauraro ya ce shi dai bai san gaskiya ba, Allah Ya sani, ya bar maganar nan. Yana jin ya yi adalci. Amma gobe ba zai ba wane ajiya ba, in an zo tambayar aure gidan su wance zai yi shiru mai ma'ana. Bai yanke hukunci da bakinsa ba, zargin ne ya tsaya don shi ya riga zuwa. Kyautata zato da shehunai ke yi wa almajirai wasiyya da shi, aikinsa ke nan: ya mayar da mutum matsayin da yake kafin labarin farko, domin mutuncin musulmi shi ne yaƙinin, labarin kuwa shi ne mai da'awa. Haka ya shafi muƙaddamin da aka kawo wa ƙarar almajiri, da dattawan unguwa da suka rabu biyu kan ko a kori ɗan haya, da uban da ya ji magana biyu a kan surukarsa.

Sai dai akwai wurin da ake juya wannan ma'auni, kuma wanda bai juya shi ba ya mayar da rahama abin wasa. In kunnen dokin a kan son ran mutum ne, wannan ciniki halal ne ko haram, wannan kuɗi nasa ne ko na marayu, to tsantseni shi ne ya bari, kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya koyar game da abubuwa masu rikitarwa. Nafsu lauya ce da ba ta gajiya, kullum tana iya samo alƙalai huɗu. Imamu Gazali a cikin Ihya ya yi bayanin cewa mai lafiya ya daidaita tsoro da fata, ko ma tsoro ya rinjaya in zunubi ya yi masa yawa, amma in mutuwa ta gabato fata ya kamata ya rinjaya, domin tsoro bulala ce mai kora zuwa aiki, lokacin aiki kuwa ya wuce. A duk waɗannan wurare, ana karkata ne zuwa gefen da in an yi kuskure akwai hanyar dawowa.

Alƙalin duniya ba shi da ikon ya ce wa ƙasa ta matso, amma yana da ƙuri'a ɗaya, kuma a wannan shekara ta 2016 an ga abin da take iya yi. A ranar 3 ga Nuwamba, wata guda kafin daren Smith, wani fursunan Alabama mai suna Thomas Arthur ya nemi a dakatar da kisansa. Huɗu suka yarda. Shugaban kotun, John Roberts, ya rubuta cewa shi a ganinsa ƙarar ba ta cancanci a saurare ta ba, amma tun da abokan aikinsa huɗu suna son ƙarin lokaci su duba, ya ba da ƙuri'arsa ta biyar don girmama su. Bai sauya ra'ayinsa ba, bai ce su ne da gaskiya ba. Ya dai ɗauki shakkar mutum huɗu da ya san iliminsu a matsayin abin da ya isa a tsaya. Daga baya kotun ta ƙi karɓar ƙarar, aka kashe Arthur a watan Mayu na 2017, jihar ba ta rasa komai ba sai wata shida.

A daren 8 ga Disamba ba a samu mai ba da wannan ƙuri'a ba, kuma babu wanda ya rubuta dalili. Wannan shi ne abin tsoro a ƙa'idar barin abu yadda yake: tana ba kowa damar wanke hannu. Huɗu za su ce sun nemi a tsaya. Huɗu za su ce su ba su yanke kisa ba, sun dai ƙi tsoma baki. Alƙalin farko zai ce kotunan sama sun duba ba su rushe ba. Majalisar da ta bar kujera babu kowa za ta ce ita siyasa take yi. Kowa yana da amsa a duniya. Ranar da za a fara hukunci tsakanin mutane da sha'anin jini, kamar yadda ya tabbata a hadisi, ba ƙa'ida za a kira ba, mutane za a kira ɗaya bayan ɗaya.

A watan Afrilu na 2017, wata huɗu bayan kisan Smith, majalisar Alabama ta soke ikon alƙali na ture ra'ayin mutanen da suka saurari shari'a, gwamna ta sa hannu. Dokar ba ta waiwayi waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ta wannan hanya ba. Vernon Madison kuwa shari'arsa ta sake komawa Kotun Ƙoli, a 2019 ta umarci kotun jiha ta sake duba ko hankalinsa yana gane dalilin da za a kashe shi. Ba a kai ga kammalawa ba, a watan Fabrairu na 2020 ajalinsa ya same shi a gidan kason Holman, bayan fiye da shekara 30 yana jiran allura.